Yadda ake sayen kwalekwale na hannu da araha a Sakkwato

Gonarmu ta gado tana hayin gulbin Rima, ta wajen Wamakko. Da rani da ƙafa muke tsallakawa, ruwan ko gwiwa ba ya kaiwa. Amma daga watan Agusta, idan gulbi ya kawo, babu hanya sai jirgi. Na yi shekaru ina biyan kuɗin fito safe da yamma, ni da yara da 'yan ƙwadago, ga taki da za a kai, ga shinkafa da za a kwaso, har ranar da na zauna na buga lissafi na ga gara in mallaki nawa. Sabo ya fi ƙarfin aljihuna saboda tsadar katako, sai na shiga neman na hannu.

Na farkon da na saya, a tudu na gan shi, an kife shi ƙarƙashin dogon yaro, an shafe shi da sabuwar kwalta, baƙi ƙirin yana sheƙi. Na zagaya shi sau biyu, kuɗin ya yi mini daidai, na biya. Bai cika mako uku a hannuna ba, wata safiya muna tsakiyar fito da buhunan taki, na ji sanyi a tafin ƙafata. Kafin mu kai gaɓa ruwa ya haura idon sawu, kuma ƙaramin ɗana yana ciki. Da muka jawo shi waje na kankare kwaltar da wuƙa, na danna katakon da babban yatsa, sai ya nutse kamar dafaffen rogo. Allah ne ya kiyaye. Tun daga ranar na riƙe abu guda: jirgi a ruwa ake sayensa, da kaya a cikinsa. Duk matakan da zan jero a nan hanya ce ta kai ka ga wannan gwajin kafin kuɗinka su bar hannunka.

Mataki na 1: Ka san aikin da zai yi maka

Kafin ka taka bakin ruwa, ka yanke wa kanka abin da kake so. Mai su da ke jefa koma shi kaɗai, ƙaramin jirgi marar nauyi yake bukata, wanda zai juya shi da filafili da hannu ɗaya. Manomin fadama da zai kwaso albasa ko shinkafa yana bukatar mai faɗin ciki, wanda ba ya tangaɗi idan an taka gefensa. Mai son yin fito da mutane kuwa, wannan amanar rayuka zai ɗauka, kuma shawarata gare shi kada araha ta zama ita ce ma'auninsa.

Iri uku za ka tarar. Akwai sassaƙaƙƙe, wanda aka rarake daga gungume guda. Ya yi ƙaranci yanzu saboda manyan itatuwa sun ƙare mana, kuma idan ya tsage a tsaye gyaransa na da wuya. Akwai na katako, wanda aka haɗa da ƙusa da langa-langa aka liƙe mahaɗinsa da tsumma da kwalta. Shi ya fi yawa a wajenmu, kuma kyansa shi ne ana iya cire katako ɗaya a sa wani. Sai na faiba, wato wanda aka zuba da haɗin roba da zaren gilashi, marar nauyi, wanda gara ba ta ci, amma samunsa na hannu sai an dace.

Ka auna da kamu ko da ƙafa tsawon da kake so, ka rubuta. Ka kuma tuna ruwan da za ka shiga: tafki kamar na Kware ruwa ne kwantacce, gulbi a tsakiyar damina kuwa yana da ja, ƙaramin jirgi mai gajeren baki ba ya jure masa.

Mataki na 2: Ka saya lokacin da ba a nema

Rabin arahar a nan take. Wanda ya tashi neman jirgi a Agusta ko Satumba, lokacin da gulbi ya cika kuma ake sakin ruwa daga madatsar Goronyo ko ta Bakolori, zai saya yadda mai shi ya ga dama. Duk wanda ya ga ambaliyar 2010, da ruwa ya karya gadar hanyar jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo mutane suka koma tsallakawa da kwalekwale, ya san yadda jirgi ke zama zinariya dare ɗaya.

Lokacin saye shi ne daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, wato Fabrairu zuwa Mayu. Ruwa ya janye, fito ya tsaya a mashigai da yawa, jirage na kwance babu aiki, masu su kuma sun fara tunanin kuɗin taki da iri. Wanda yake da jirgi biyu a lokacin nan ne yake sakin ɗaya. Gab da Sallah ma ana samun mai bukatar kuɗi da gaggawa. Sai dai kada bukatar mutum ta sa ka danne shi. Ku yi cinikin da gobe za ku iya gaisawa a bakin ruwa, don shi ne zai nuna maka mai gyara.

Mataki na 3: Ka je bakin ruwa, ka fara da Sarkin Ruwa

Jirgi ba shi da shago a kasuwa. Labarinsa yana bakin masunta da masu fito. Ka bi wuraren da suke taruwa: Kwalkwalawa inda ake sayar da kifi a hanyar jami'a, ƙauyukan bakin gulbi na Wamakko da Silame, Kware, Wurno, da Goronyo. Idan za ka iya fita jiha, Argungu ba ta wuce tafiyar kilomita 100 ba ko kusa da haka, kuma Kabawa mutanen ruwa ne tun kaka da kakanni. Yawuri, a bakin Neja, tana da jirage da masu ƙera su da yawa, amma nisa zai cinye maka arahar sai dai idan ku biyu ko uku ne za ku haɗa kuɗin mota. Game da gabashin jiha, wajen Goronyo zuwa Sabon Birni, ka tambayi halin hanya kafin ka tashi, kuma kada ka yi yawo da kuɗi a jiki; ka je kallo tukuna.

Ko'ina ka sauka, ka nemi Sarkin Ruwa, ka kai gaisuwa da ɗan goro. Shi ya san jirgin kowa, ya san wanda ya taɓa nutsewa, ya san wanda ake rigima a kansa. Lokacin da nake neman na biyu, na durƙusa gaban wani dattijo mai wannan sarauta na ce, "Baba, jirgi nake nema na hannu, na kai kaya gona." Ya dube ni ya ce, "Ɗiyana, wanga da kaka kallo bar shi, shan ruwa shikai. Taho in gwada ma wani." Ya kai ni wani lungu cikin ciyawa inda aka nutsar da wani tsohon jirgi a ruwa marar zurfi, baki kawai ake gani. A ido ba shi da kyau ko kaɗan. Shi ne nake tuƙawa har yau.

Abin da na koya a ranar shi ne, mai jirgin da ya san darajarsa ba ya barinsa a rana da rani. Ko dai ya nutsar da shi a ruwa, ko ya kife shi a inuwa a kan duwatsu. Zafin Afrilu a Sakkwato yana haura digiri 40, katako yana bushewa ya tsuke, mahaɗi su buɗe. Don haka inda ka tarar da jirgi ajiye ya riga ya faɗa maka irin riƙon da aka yi masa.

Dillalai suna nan, kuma wasu na kirki ne, amma ku yi maganar la'ada tun farko, ka san wa zai biya. Tallan da ake sawa a Facebook da WhatsApp kuwa, ka ɗauke shi a matsayin labari kawai. Kada ka tura ko sisi a kan hoto.

Mataki na 4: Duba a tudu

Ka tafi da wanda ya san jirgi, masunci ko kafinta mai gyaransu, ko da za ka biya shi kuɗin yininsa. Ka riƙe wuƙa mai tsini ko babbar ƙusa, da ɗan guduma, da tocila. A jawo jirgin waje, a kwarfe ruwansa, a wanke laka, a yi duban da rana tsaka.

Ka fara da tambayar icen da aka yi shi da shi. Maɗaci da kawo da loko suna jure ruwa shekaru. Farin katako marar nauyi, irin su rimi, yana saurin ruɓewa, kuma shi ake yawan ɓoyewa ƙarƙashin fenti. Ka kankare ɗan wuri da wuƙa a ciki ka ga launin: maɗaci ja-ja ne, mai tauri.

Sai ƙwanƙwasawa. Ka bi kowane katako da guduma a hankali daga goshi har ƙarshe. Lafiyayyen ice yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji ɗif, kamar ka bugi jiƙaƙƙen buhu. Duk inda ka ji haka, ka soka wuƙa. Idan ta tsaya a sama, lafiya. Idan ta shige ba gardama, ruɓa ce. Wuraren da ta fi ɓuya su ne tsakiyar ciki inda ruwa ke kwanciya, ƙarƙashin katakon zama, kewayen kawunan ƙusoshi, da goshi inda jirgi ke gogar yashi kullum idan an zo gaɓa. Ka haska tocila a waɗannan lungunan. Idan ka ga ƙananan ramuka da garin ice kamar tsaki, ƙwaro ya shiga. Idan ka ga hanyar ƙasa a manne, gara ce, kuma abin da ta ci a ciki ya fi abin da ido ya gani.

Ka duba ƙusoshi da langa-langa. Tsatsa kaɗan ba komai ba ce. Amma idan kan ƙusa yana marmashewa a yatsa, ko icen da ke kewaye da ita ya yi baƙi ya yi laushi, to ba ta riƙe komai. Ka sa mutum ɗaya ya riƙe goshi, kai ka kama ƙarshe ka murɗa hagu da dama. Jirgi mai ƙarfi yana motsawa gaba ɗaya. Wanda ya saki sai ka ji yana ƙara, kana ganin mahaɗi na buɗewa suna rufewa. Ka koma nesa kaɗan ka tsuguna ka hango shi daga goshi: idan ya karkace gefe guda, haka zai riƙa janka gefe a ruwa har ka gaji da tuƙi.

Faci ba aibi ba ne. Babu tsohon jirgin da ba shi da faci, kuma wanda aka yi da kyau, da gwangwani ko kwano a kan tsumma da kwalta, ƙusoshi a jere kusa da juna, alama ce ta mai kula. Abin tsoro shi ne faci a kan faci, da kuma sabuwar kwalta mai kauri a wuri ɗaya. Ka nemi izinin mai shi ka kankare. Idan ya hana, ka yi masa sallama cikin mutunci ka tafi.

Ga ma'aunin da nake bi: katako ɗaya ko biyu na gefe da suka lalace, a saya a canza. Idan katakon ƙasa ne ya ruɓe, ko haƙarƙarin da ke riƙe jikin, a bar shi ko da kyauta ne, don gyaransa sabon ƙira ne.

Na faiba dubansa daban ne. Ka bi cikinsa kana dannawa da tafin hannu; inda ya yi laushi yana lotsawa, ruwa ya shiga tsakanin shimfiɗunsa. Tsaga ƙarama masu gyaran jikin mota da ke aikin faiba suna liƙe ta. Shi kuwa kayak, ɗan jirgin roba na mutum ɗaya da ake tuƙawa da filafili mai baki biyu, akan ci karo da shi jefi-jefi cikin kayan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai ta Legas. Babban abokin gabarsa rana ce: idan launinsa ya koɗe, jikin ya yi fari-fari kamar an barbaɗa alli, robar ta ƙone, kuma za ta fashe. Irin wannan robar gam ba ya kama ta, sai an narka an yi mata walda. Na yawon shan iska ne ko sa ƙugiya a kwantaccen ruwa, ba ya ɗaukar buhu.

Mataki na 5: Gwaji a ruwa

Wannan shi ne cinikin. Idan jirgin ya daɗe a tudu, dole zai yi yoyo ranar farko, ko da lafiyarsa ƙalau, saboda katako ya bushe. Kada ka yanke masa hukunci a ranar, kuma kada ka yarda da "ai idan ya jiƙa zai daina" ka biya. Ku yi yarjejeniya a sa shi a ruwa kwana biyu zuwa uku ice ya kumbura, sannan ka dawo.

Ranar da ka dawo, ka kwarfe shi tas da ƙwarya, ka goge cikin da tsumma har ya bushe. Ka zauna a ciki kusa da gaɓa, inda ruwa bai wuce ƙugu ba, ka yi rabin awa kana kallon ƙasa. Za ka ga inda danshi ke fara fitowa. Tsattsafowa kaɗan daga mahaɗi, wanda ƙwarya ɗaya za ta kwashe, abu ne da tsumma da kwalta ke magani. Ruwan da ke ɓulɓulowa ta tsakiyar katako kuwa, icen ne ya mutu. Ka sa alama da gawayi ko alli a duk inda ka gani.

Daga nan sai kaya. Wani yoyon ba ya bayyana sai nauyi ya danna jirgi, mahaɗan sama sun shiga ruwa. Haka nawa na farko ya yi mini. Ka cika buhuna da yashin bakin gulbi daidai nauyin da za ka riƙa ɗauka. Idan buhun taki mai kilo 50 guda shida ne aikinka, to ka loda kwatankwacin haka, ka shiga kai da mai jirgin. Ka dubi tazarar da ta rage tsakanin ruwa da bakin jirgi. Ni ba na yarda da ƙasa da taƙi guda, kuma a gulbi mai ja na fi son fiye da haka, don iska ɗaya ko igiyar ruwa ɗaya ta isa ta cike ragowar. Ka matsa gefe ka ga yadda yake karkata da yadda yake dawowa. Ka tuƙa shi da gora, ka tuƙa da filafili, ka juya shi, ka hau da shi gaba da ruwa. Bayan wani rabin awan ka sake duba ciki.

Kada ka sa yara a wannan gwajin, kuma duk wanda zai shiga ya zama ya iya iyo.

Mataki na 6: Ciniki

Kafin ka taya, ka je wajen mai ƙera jirgi ka ji kuɗin sabo mai girman wannan a yau, don farashi yana tafiya da na katako, na bara ba ya aiki bana. Sannan ka sa kafintanka ya ƙiyasta gyara: katako nawa, ƙusa, kwalta, kuɗin hannu. Ka ɗora kuɗin mota da la'ada. Jimillar nan ita ce ainihin kuɗin jirgin. Idan ta kai kusan kashi uku cikin huɗu na sabo, ka haƙura ka ƙara tari ka sa a ƙera maka.

Alamomin gawayin da ka yi su ne hujjarka. Ka nuna su ɗaya bayan ɗaya ba tare da kushe ba, ka taya ƙasa da abin da ka shirya biya. Zai ce albarka, ka ƙara kaɗan, har ku kai ga sallama. Ka tambaya ko filafili da gora da sarƙar ɗauri suna ciki. Sau da yawa idan an ƙi rage kuɗi, ana yarda a haɗa da su. Ka kuma tambaye shi kai tsaye gaban mutane: "Malam, don Allah akwai wani aibi da ka sani wanda ban gani ba?" Musulmi ya san ɓoye aibi a ciniki haramun ne, kuma shari'a ta ba mai saye damar mayar da kaya idan aibin da aka ɓoye ya bayyana. Tambayar nan takan fito da abin da guduma ba ta ji ba.

Mataki na 7: Shaidu da takarda

Ambaliya tana tsinke jirage ta kai su ƙauyukan da ke ƙasa, wani ya tsinta ya riƙe. Akwai na sata. Akwai kuma na gado, wanda ɗaya daga cikin magada zai sayar ba da sanin sauran ba. Saboda haka a biya kuɗi gaban Sarkin Ruwa ko hakimin garin, da shaidu biyu. A rubuta takarda, da boko ko da ajami: sunan mai sayarwa da mai saye, tsawon jirgi, alamominsa, kuɗi, da kwanan wata, kowa ya sa hannu. Ka ɗauki hoton jirgin da na takardar a waya.

Mataki na 8: Kai shi gida da shirya shi

Idan gulbi ɗaya kuke kuma akwai ruwa, tuƙo shi ya fi sauƙi. Idan sai mota, ka nemi akori-kura ko kanta mai tsawon da zai ɗauke shi, a shimfiɗa tsofaffin tayoyi a ƙasa, a ɗaure a wuri uku. Jirgin da aka bar rabinsa yana lilo a bayan mota, gargadar hanya tana buɗe masa mahaɗi kafin ya iso.

Ka yi gyaran kafin ruwan farko. A kankare tsohuwar kwalta, a cusa sabon tsumma ko auduga a mahaɗi da bakin wuƙa, a zuba kwalta da zafinta, a canza ƙusoshin da suka mutu. Ka ƙona ko ka sassaƙa alamarka a goshi, inda ba a gogewa.

Daga cikin kuɗin da ka rage, ka sayi rigar kariya ta ruwa ga duk wanda zai riƙa shiga, har da ƙananan na yara. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta wajabta sa ta, ta kuma hana tafiyar dare da lodin da ya wuce kima. Mu a jihar nan mun ga abin da ruwa ke yi: a Afrilun 2022 jirgi ya kife a gulbin Shagari, mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara da matasa. Allah ya jiƙansu. Layin da ruwa ya tsaya ranar gwajinka da buhunan yashi, ka ja shi da farin fenti a jikin jirgin ta waje, hagu da dama. Ka nuna wa yaranka da duk wanda zai ari jirgin: idan ruwa ya taɓa layin nan, a sauke kaya, a yi sawu biyu.